Mafitar Dabba Daga Ruwa: Sharhi Kan Ceton Dawaki da Shanun Aiki a Ƙasar Daura

Dabbar aiki, wato doki ko sa ko jaki ko raƙumin da ake ɗora wa kaya ko a ɗaura wa garma da amalanke, tana cikin dukiya mafi tsada a gidan manomin ƙasar Daura, kuma tana cikin wadda ta fi saurin salwanta, domin rami guda mai ruwa ya isa ya raba mutum da ita tsakanin hantsi da azahar. Idan hakan ta faru, abin da aka saba ji shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sai a yi wa mai dabbar jaje a watse. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma faɗawar dabba cikin ruwa daban, mutuwarta a cikinsa daban, kuma a tazarar da ke tsakanin biyun, wadda takan kai sa'a guda ko fiye, dabara da shiri suke yin aikinsu. Galibin dabbobin gida sun iya iyo ba tare da an koya musu ba, don haka abin da ke kashe su shi ne gajiya da sanyi da rashin wurin da kofato zai kama su hau tudu.

Wani wurin da aka daɗe ana nazarin wannan matsala, har aka gina mata magani da tubali, shi ne Ingila ta zamanin kanal. Kanal, kamar yadda manoman rani na Kadawa da Kura suke kiransa, hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannunsu, sai dai na Ingila don sufuri aka yi shi, kafin zuwan jirgin ƙasa. A shekarar 1761 aka buɗe kanal na Bridgewater domin kai gawayin kwal birnin Manchester, kuma abin da ya jawo masu kuɗi ga wannan hanya lissafi ne mai sauƙi: dokin da ba zai ja fiye da tan 1 zuwa 2 a amalanke bisa hanya ba, yana iya jan jirgin ruwa mai ɗauke da kusan tan 30, saboda ruwa ne ke ɗauke da nauyin, shi dokin tafiyar kawai yake ba shi. Akan bar siririyar hanya a gefen ruwan, dokin yana binta da doguwar igiya ɗaure a kayan ƙirjinsa, ɗaya bakin kuma a jikin wani sanda da aka kafa a jirgin. Mutanen Holan ma sun riga su amfani da wannan dabara wajen ɗaukar fasinja, tun daga kanal ɗin da ya haɗa Amsterdam da Haarlem a 1632.

Dokin da ke yini yana tafiya taku ɗaya daga bakin ruwa, da igiya tana karkato shi gefe, dole wata rana ya faɗa. Wani lokaci igiyar ce ke sarƙewa da ta wani jirgin ko da ƙusurwar gada ta fizge shi, wani lokaci santsin ƙanƙara ne a lokacin sanyi, wani lokaci kuma firgita. A kanal na Regent da ya ratsa arewacin Landan, wanda aka kammala a 1820, firgitar ta ƙaru bayan 1837, lokacin da jiragen ƙasa masu hayaƙi da ƙara suka fara ƙetare shi ta kan gada a unguwar Camden. Ruwan kanal ɗin ba shi da zurfi sosai, sau da yawa doki yana iya tsayawa kansa a waje, amma bangon gefen a miƙe yake kamar garu, kuma dokin jan kaya na can yakan haura kilo 700, nauyin da babu hannun da zai ɗaga. Maganin da magina suka yi shi ne su yanke bangon a wasu wurare su saka gangara ta tubali, wadda ta faro daga ƙasan ruwa ta hau a hankali har zuwa hanyar dokin. Idan doki ya faɗa, sai a kwance masa igiyar jirgin, a riƙe ragamarsa a bi da shi cikin ruwan zuwa gangara mafi kusa, ya taka ya fito da ƙafafunsa. An kuma ƙera kan sandan jirgin yadda igiyar za ta suɓuce da kanta idan jan ya koma ta baya, don kada jirgi mai nauyi, wanda ba shi da birki, ya ci gaba da jan dokin.

Ba tausayi kaɗai ya sa aka yi wannan ba, ko da yake a wannan zamanin ne majalisar Ingila ta kafa dokar hana zaluntar dabbobin gida, a 1822. Dokin shi ne jarin mai jirgi, kuma mushen doki a tsakiyar kanal yana tsayar da duk jiragen da ke biye. Abin lura shi ne cewa waɗanda suka tsara ceton magina ne, kuma sun tsara shi tun dokin bai faɗa ba.

A ƙasar Daura babu jirgin da doki ke ja, domin ƙasa ce ta jigawa, mai yashi, wadda ruwan samanta ke zuba cikin watanni huɗu ko ƙasa da haka, rafukanta kuma su ƙafe da rani. Duk da haka, ja da igiya a bakin ruwa aiki ne na kullum a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Tun da Turawan mulkin mallaka suka shigo da huɗar shanu Arewacin Nijeriya a ƙarshen shekarun 1920, sa biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya suka zama injin ƙauye: su ne huɗa da damina, su ne jan amalanke da rani, ɗauke da taki ko yashi ko bulo ko durom na ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin hanyoyin da ke shiga kasuwar Mai'aduwa a ranar cinta ya san yawan dabbar da ke cikin kayan aiki a wannan yanki. A wajen makiyaya na arewacin ƙasar da ƙetaren iyaka ta Damagaram, akwai kuma jan ruwa daga rijiya mai zurfi da sa ko raƙumi ko jaki, inda dabbar ke tafiya tana nisantar rijiyar da igiya a jikinta har wasaki ya iso baki. Wasaki shi ne babban guga na fata ko na roba, kuma idan ya cika yana da nauyin da zai iya mayar da ƙaramar dabba ko rarrauna baya. Doki kuwa a nan na hawa ne da ado, darajarsa tana bayyana a hawan Sallah da na Gani, amma shi ma ana kai shi bakin tafki wanka, kuma yaran barga sukan yi sukuwa da shi a wuraren da ba su san ƙasarsu ba.

Ramukan da ke cin waɗannan dabbobi iri uku ne, kuma ba a ceto a cikinsu da dabara ɗaya. Mafi yawa shi ne kududdufi, ramin da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini, wanda babu tsohon gari a ƙasar Hausa da ya rasa shi. Tsohon kududdufi yana da sauƙi, domin shekaru sun zaizaye bakinsa ya kwanta, amma ɓangaren da ake kan haƙa a tsaye yake, kuma idan ruwan Agusta ya cika shi, babu mai iya bambance gefen da ke da gangara da wanda ke da gaɓa mai zurfi. Kainuwa kan rufe fuskar ruwan ta yi kore shar, dabbar da ba ta san wurin ba ta ɗauke ta ciyawa. Ƙanen kududdufi na zamani, wanda ya fi shi haɗari, shi ne ramin da manyan motocin haƙa ke bari inda aka ɗebi marmara don aikin titi ko na dogo, saboda na'ura tana yanka ƙasa a miƙe, zurfin da mai diga ba zai kai ba. Wannan batu yana da muhimmanci ga Daura a yanzu, tun da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta cikin masarautar ya bi, kuma kowane aiki irin wannan, a ko'ina cikin duniya, cin ƙasa yake yi.

Na biyu rijiya ce, musamman rijiyar lambu da ta daji wadda ba ta da baki, ko tsohuwar da ta rufta aka rufe da ƙaya da kara. Daura gari ne da tarihin kafuwarsa ya rataya a wuyan rijiya, kuma wasu ruwayoyin suna cewa ruwan da zai shayar da dokinsa Bayajida ya nema a daren da ya nufi rijiyar Kusugu. Kusugu a yau a killace take cikin gini, kuma da rijiyoyin karkara sun sami ko da ɗan zoben siminti mai kai gwiwa daga irin wannan kulawa, da an huta da yawancin labaran jakin da ya afka da dare.

Na uku shi ne kanal na noman rani, wanda shi ne ya fi kama da na Ingila, kuma shi ne sabon baƙo. Madatsun ruwa na Sabke da Daberam suna kusa da Daura, na Jibiya da na Zobe ma suna cikin Jihar Katsina, kuma jihar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna da gwamnatin tarayya ta kafa. Babban misalin irin wannan aiki a kusa shi ne na Kogin Kano, wanda ke ɗaukar ruwa daga madatsar Tiga ya kai shi gonakin Kadawa da Kura. Injiniya yana lulluɓe babban kanal da kankare don kada ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa, kuma a ƙasa mai yashi irin ta Daura wannan dole ne. Yakan kuma karkata gefen, ta yadda mai kallo daga sama zai ga kamar ana iya hawa. A nan yaudarar take, domin cikin 'yan watanni gansakuka takan lulluɓe kankaren ya koma kamar sabulu, saniyar da ta sunkuya shan ruwa ta zame, sannan ta yi ta karta da kofato har ƙarfinta ya ƙare, ruwan kuma yana tura ta zuwa bakin kwalbati ko ƙofar ƙarfe inda yake shigewa ƙarƙashin hanya. Bangon da ke kare ruwa daga yashi shi ne ke hana dabba fita, kuma yaron da ya faɗa ma abin da yake gamuwa da shi ke nan.

Aikin farko a kowane ceto shi ne raba dabbar da abin da aka ɗaura mata. San da ya zame da karkiya a wuya yana jan abokinsa, amalanken kuma yana bin su duka, kamar yadda jirgin kanal ke jan doki. Jakin da aka yi wa dabaibayi, wato aka haɗe ƙafafunsa biyu da igiya don kada ya yi nisa, ba ya iya iyo ko a ruwan da bai kai wuyan mutum ba, kuma sakin dabba da dabaibayi kusa da kududdufi da damina yana cikin sakacin da ya fi kowanne tsada. Igiyar roba da ta maye gurbin ta rama da ta kaba ta ƙara wa lamarin wuya, domin idan ta jiƙe ta ɗaure tam ba ta kwantuwa da hannu, ba ta kuma tsinkewa. Saboda haka wuƙa mai kaifi a aljihun mai amalanke kayan aiki ce, daidai da bulala.

Bayan wannan sai natsuwa, wadda ita ce ta fi wuyar samu. Da zarar an ji ihu, unguwa takan taru, kowa da shawararsa, yara suna sowa, alhali doki dabba ce da hayaniya ke haukatarwa, kuma duk bugun da ya yi cikin firgici ƙarfin fitarsa yake ƙonawa. Ya kamata mutum ɗaya ya ba da umarni, wanda dabbar ta san muryarsa ya tsaya wajen kanta, a janye sauran baya har a buƙaci hannunsu. Rufe idon doki da ƙyalle yakan kwantar da shi idan ƙafarsa na ƙasa. Dole kuma a kula da hancinsa, domin doki ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya shaƙar iska ta baki kamar mutum ko kare, don haka da hancin ya nutse numfashi ya tsaya. Amfanin ragama a nan shi ne tallafe kai bisa ruwa da nuna wa dabbar hanya.

Kuskuren da aka fi yi, kuma wanda ya fi kisa, shi ne zarga igiya a wuya ko a ƙaho ko a ƙafa a ce jama'a su ja. Wuyan doki da na jaki ba a halicce su don ɗaukar nauyin jikinsu ba, igiyar kan shaƙe maƙogwaro ko ta gurɗe ƙashin wuya, ƙaho yakan karye, ƙafa kuma takan fita daga gurbinta, sai a fito da dabbar da rai amma ba za ta sake amfanuwa ba. Wurin da ke ɗaukar ja shi ne ƙirji, bayan ƙafafun gaba, kuma abin da za a zagaya da shi ya kasance mai faɗi, irin bel ɗin da direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da shi, ko tsohon bel na injin niƙa, ko tiyon 'yan kwana-kwana, ko a rasa duka a naɗe igiyar da buhuna. Siririyar igiya tana yanka nama idan nauyin kilo 300 ko 400 ya hau kanta. Akan zagaya bel ɗin ta bayan kafaɗa, a fito da bakinsa ta tsakanin ƙafafun gaba, ta yadda ƙafafun za su kasance a sake dabbar ta taimaki kanta. Jan da hannun mutane ya fi jan tarakta ko mota aminci, ko da yake ya fi wahala, saboda mutane suna jin lokacin da wani abu ya maƙale su tsaya, inji kuwa sai ya tsinka abin da ya tare shi.

A kududdufi, mutanen ƙauye suna da damar da maginan Landan ba su da ita, wato bangon nasu ƙasa ne. Maza goma da fartanya da shebur suna iya sassabe gaɓar su mayar da ita gangara cikin ɗan lokaci, su shimfiɗa kara ko reshe ko buhunan yashi don kofato ya kama, dabbar ta fito da kanta. Wannan ya fi kowane ja, kuma abin mamaki ne yadda ake mantawa da shi cikin gaggawa. Idan taɓo ne ya riƙe ƙafafun, ja kai tsaye ba ya fid da su, domin laka tana tsotse ƙafa kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata, kuma sai iska ko ruwa ya shiga ƙarƙashi take saki. Injin ban ruwa, wanda babu fadamar da ta rasa shi yanzu, yana maganin wannan: a cusa bakin tiyo a gefen kowace ƙafa har ƙasa, a saki ruwa ya narkar da lakar, sannan a ja a hankali.

Rijiya ita ce mafi muni, kuma a nan ne ake asarar mutane saboda dabba. Iskar ƙasan tsohuwar rijiya takan gurɓace, musamman wadda aka daɗe ba a ja ba ko wadda shara ta ruɓe a ciki, kuma sau da yawa ba ta da launi ko warin da zai gargaɗi mai shiga, sai kawai ya sume. Na biyu ya shiga ceton na farko, na uku ya bi, kuma irin wannan labari ba baƙo ba ne a rahotannin hukumomin kashe gobara na jihohin Arewa. Tsofaffin mahaƙa rijiya sukan zura fitila su gani ko za ta mutu, gwajin da ke nuna ƙarancin iska amma ba ya kama kowace irin guba. Kunna injin fetur a cikin rijiya ko a bakinta don janye ruwa yana cika ramin da hayaƙi mai kisa. Babu wanda ya kamata ya sauka sai da igiya ɗaure a jikinsa da mutane riƙe da ita a sama, kuma babu hikima a tsaya a ƙarƙashin dabbar da ake ɗagawa ko a matse da dokin da ke harbi cikin rami mai faɗin taku biyu. Ɗagawar tana buƙatar gumagumai uku da aka haɗa kansu bisa bakin rijiyar, nesa da inda ƙasa za ta iya zaftarewa, da irin sarƙar da makanikai ke ɗaga injin mota da ita, da bel biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a gaban cinyoyi. Aikin mahaƙa rijiya ne da 'yan kwana-kwana, kuma likitan dabbobi ne kaɗai zai yanke shawarar allurar kwantar da dabba, domin wadda aka yi wa allura a cikin ruwa kanta na iya lanƙwashewa ya nutse.

Fitowa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma dabbar da ta kwana a ruwa cikin hunturun Disamba ko Janairu tana buƙatar a goge ta, a rufe ta, a kare ta daga iska. San da ya kasa tashi a jingine shi bisa ƙirjinsa, kada a bar shi kwance a gefe, domin tumbinsa kan tara iska ya kumbura har ya danne huhu. Kada a yi wa dabba ɗuren magani ko na kanwa a wannan hali, tun da wadda ta galabaita ba ta haɗiya daidai, abin ya bi hanyar numfashi. Tari da zazzaɓi bayan kwana biyu ko uku alama ce ta ruwan da ya shiga huhu, kuma raunin da laka ta shiga a jikin doki ko jaki ƙofa ce ta cutar sarƙe-haƙora, wadda waɗannan biyun suka fi sauran dabbobi saurin kamuwa da ita.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan yanayi, kuma hukuncinsu yana shiga cikin shawarar da ake yankewa a bakin rami. Dabbar da ta faɗo daga tudu ko cikin rami ta mutu tana cikin waɗanda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta ci, sai wadda aka riska da rai aka yanka. Wannan ne ya sa mahauci yakan iso bakin rijiya tare da masu ceto, mai sa kuma ya shiga tsaka mai wuya, tsakanin ya jira a fid da shi da rai da ya sa wuƙa kafin ya zama mushe. Idan wuyan bai samuwa, mafi yawan malamai na sauran mazhabobi sun halatta a soke shi a duk inda aka samu a jikinsa, amma abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, shi ne dabbar gida ba ta halatta da irin wannan suka, ko da yake an sassauta a soki gindin wuyan abin da aka saba yankawa idan larura ta sa. Doki da jaki kuwa ba su da wannan mafita, tun da ba a cin namansu a mashahurin zancen mazhabar, kuma hakan na nufin mai doki ko dai ya same shi da rai ko ya yi asararsa ɗungurungum. Littattafan sun kuma yi maganar ruwan da dabba ta mutu a ciki: idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya ba a tsarki da shi, idan bai sauya ba an so a kwashe gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan.

Akwai kuma batun lamuni, wato wanda zai biya. Hadisi ya zo cewa abin da rijiya ta halaka ba a biyansa, amma Imamu Malik ya fayyace cewa wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a inda bai halatta ya haƙa ba, shi ke da alhakin abin da ya faɗa ciki. Wannan ƙa'ida, wadda ta girmi kanal na Ingila da kusan shekara dubu, tana ɗora nauyin a kan mai haƙa, kuma da alƙalai da hakimai za su riƙa tuna wa jama'a da ita, da mai ɗibar ƙasar bulo a gefen burtali ya yi tunani sau biyu.

Abin da ya rage shi ne gyara tun daga gini, kuma ba sabon ilimi ake nema ba. Hukumar da ke kula da manyan kanal na yammacin Amurka ta daɗe tana saka gangarar tsira don shanu da namun daji, bayan ta ga yawan waɗanda ke mutuwa a magudanan kankare. A ƙasar Daura irin wannan gangara za ta yi aiki biyu, domin ita ce mashaya kuma ita ce mafita. Makiyayin da ya iso da garke bakin kanal cikin Afrilu ba zai wuce ruwa yana kallo ba, ko da an kafa allon hani, don haka ko dai a gina masa wurin da shanu za su sauka su sha su hau, mai kaushin ƙasa da kwanciyar gangara, a daidai inda burtali ya gamu da ruwan, ko kuma shanun su fasa gefen kanal su shiga gonakin mutane, a koma rikicin manomi da makiyayi. Gangarar ta fuskanci inda ruwa ke tafiya da dabbar, kuma a fi yawaita ta gab da kwalbati da ƙofofin ƙarfe. Ramin marmara kuma a sharɗanta wa ɗan kwangila ya kwantar da aƙalla gefe ɗaya kafin ya kwashe motocinsa, aikin da bai fi na yini guda ba ga na'urar da ta haƙa shi, ramin ya zama tafkin shayarwa da rani.

Dawakin kanal na Regent sun daina aiki tun tsakiyar shekarun 1950, amma gangarorin suna nan a jikin bango har yau, mai tafiya a gefen ruwan yana ganinsu. Masarautar Daura tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowane kududdufi da kowace matacciyar rijiya a ƙasarsu da sunanta, ƙananan hukumomi suna da sashen ayyuka, manoman rani kuma suna da ƙungiyoyinsu. Ya kamata a ƙirga waɗannan ramuka unguwa-unguwa kafin ruwan Yuni ya sauka, a ɗaga bakin rijiyoyin da ake amfani da su, a cike waɗanda suka mutu, a ajiye bel mai faɗi da doguwar igiya a gidan kowane dagaci, sannan duk wani sabon kanal da za a zuba wa kankare a Sabke ko Daberam a tabbata an zana mafitar dabba a cikin takardar kwangilar tun kafin a sa mata hannu.